Ɗaya Bakin Igiyar

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya masu jinyarku? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baba yana cin abinci sosai, kumburin ƙafar nan tasa ma ya sauka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata Baba ya wanke ta tas a bokiti, har da sabulu, wai ta yi datti. Ke ma can ƙauyen da aka tura ki koyon aikin jinya sai kin hau tudu ake samunki. To mu koma wa biro. Direban motar da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa kai mana.

Mantuwar Baba ta ƙaru, ba zan ɓoye miki ba. Da rana babu matsala, barcinsa yake sha kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya yana gadin mararrabar jirgin ƙasa da dare, matar kafinta maƙwabcinmu tana leƙa shi har in taso daga kamfanin ɗinki. Dare ne abin. A kansa har yanzu yana bakin aiki. Sha biyu na yi zai miƙe ya ɗauki tocila, wai zai je ya sauke sanda ya tare motoci. Haka biyu da kwata, haka ƙarfe huɗu. Rabin jiragen nan an daina su tun kina firamare, sandar ma yanzu na'ura ce ke sauke ta, amma wa zai gaya masa? Na kulle ƙofa na sa makulli a ƙarƙashin matashina, ya yi ta dukan ƙofar har hannunsa ya fashe, yana kuka wai jirgi zai niƙe mutane.

Sai na yi dabara, kuma dole ki yaba min. Na kwance igiyar shanya, na dawo da tabarmata ɗakinsa. Baki ɗaya a hannunsa, ɗaya a nawa. Yana motsawa na farka tun kafin ya kai ƙofa. Sai mu fita tsakar gida, in ɗora sandar tsintsiya a kan kujeru biyu, ya tsaya ƙyam da tocilarsa har jirginsa ya wuce, ya ɗage sandar, mu koma. Na ce masa igiyar ta ƙararrawar tasha ce. Yanzu da kansa yake miƙo hannu a ɗaura, yana ce min, "Ranka ya daɗe shugaban tasha, yau ma ba a samu matsala ba." Kin ga na samu ƙarin girma, saura albashi.

Ki dage da karatu. Wata huɗu ya rage miki.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Baba. Ni ma lafiya, sai sauro da ya mai da ni abincinsa.

Ranki ya daɗe shugaban tasha! Wallahi Yaya na yi dariya har abokiyar ɗakina ta ɗauka aljanu ne suka taɓa ni. Daga baya kuma na yi kuka. Na tuna yadda yake dawowa da safe da burodi a aljihun babbar rigar aikinsa, ya zauna yana cire takalmi yana cewa bai taɓa rintsawa a bakin aiki ba ko sau ɗaya. Ke kina kwaikwayonsa a bayan ƙofa, Inna, Allah ya jiƙanta, tana harararki.

Nan aiki ba laifi. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu muna kiranta Sista Tsawa, domin ko sannu za ta ce miki sai kin firgita. Amma ta iya aiki, jijiyar da kowa ya nema ya rasa ita sau ɗaya take samu.

Yaya, ke yaushe kike barci? Na lissafa, sau uku a dare, ga kuma keken ɗinki tun ƙarfe bakwai. Amma na san ki, ke ƙarfe ce. An ba mu hutun kwana biyar ƙarshen wata mai zuwa, kafin mu shiga shirin jarrabawa. Kwana biyu a hanya zuwa, biyu dawowa, ɗaya a gida. Ko ɗayan ne ina so in zo in ga Baba, in karɓe ki aikin tasha na dare guda. Ki gaya min abin da zan taho muku da shi.

Ki gaishe da matar kafinta. Ki shafa min kan Baba.

Autarku.

*

Auta,

Muna lafiya. Baba lafiya.

Kada ki zo. Kwana huɗu a mota don dare ɗaya, wannan ba hankali ba ne. Ba na bukatarki a nan yanzu, ki zauna inda kike ki yi abin da ya kai ki. Yanzu sau biyar yake tashi, wani daren shida, ya ƙaro jiragen kaya. Kamfani an samu kwangilar kayan makaranta, sai magariba muke tashi. Jiya na ɗinke bakin aljihun wando goma sha biyu, mai duba aiki ta tara min mutane.

Kada ki zo. Kwana huɗu a mota don dare ɗaya, wannan ba hankali ba ne.

Jan da kika gani a gefen takardar ba komai ba ne, allura ce. Matar kafinta ta ce in

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata Baba yana samun sauƙi.

Na ga saƙonki. Sau ɗaya ma ya isa, Yaya, ba sai kin rubuta min sau biyu ba. Na ji, ba kya bukatata. Ko tambayar lafiyata ba ki yi ba, ko ƙarasa zancen matar kafinta ba ki tsaya yi ba, sai ka ce wadda ake kora.

Na daɗe ina jin wannan abin a jikina, yau dai bari in faɗa. Na san ke kika dawo gida, ke kike wanki da shara da jinya, ni ina nan da farar riga. Idan haushin hakan kike ji ki fito fili ki gaya min. Ba ni na ce a tura ni karatu ba, ke kika cika min takardar da hannunki. Ubana ne ni ma. Ina da haƙƙin in gan shi tun yana iya gane fuskata.

Na fasa zuwan, tunda haka kike so. Hutun zan yi shi a nan, na ma karɓi aikin dare na wata abokiyar aikina.

Auta.

*

Zuwa ga Yayata, Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ina roƙon Allah ya sa wannan takardar ta same ku lafiya. Sati biyar ke nan ban ji daga gare ki ba. Duk ranar da motar nan ta tsaya sai na fita, direban ya girgiza min kai tun daga nesa.

Ki yafe min waccan wasiƙar. Bakina ne ya riga hankalina.

Bari ki ji abin da ya same ni. Dare uku a jere na yi ina aiki, da rana kuma na ƙi kwanciya, wai karatun jarrabawa. A dare na uku na zuƙi allurar mai gado na huɗu, na wuce kaina tsaye wajen mai gado na shida, wata tsohuwa da ko kusa ba ta jure wannan maganin. Har na goge mata hannu. Sai na ji an damƙe min wuyan hannu ta baya. Sista Tsawa ce. Yaya, idona a buɗe yake, amma tafiyar da na yi daga tebur zuwa gadon nan ban san na yi ta ba.

Na ɗauka za ta cinye ni ɗanya. Sai ta ja ni ofis, ta zaunar da ni, a karo na farko na ji ta yi magana a hankali. Ta ce, "Ke yarinya, kin ɗauka barci sai an kwanta? Idan kika hana ƙwaƙwalwa haƙƙinta, da kanta take ɗauka, daƙiƙa biyu, daƙiƙa uku, kina tsaye, ido buɗe, hannu yana aiki babu mai shi. Wanda ya kwana biyu bai yi barci ba, shi da wanda ya sha ya bugu tafiyarsu ɗaya, kuma duka biyun rantsuwa za su yi miki cewa garau suke." Ta lissafo min sauran: mantuwa, saurin fushi, ciwon kai, hawan jini, har zuciya tana taɓuwa idan abin ya daɗe. Ta ce alamar farko mutum ya maimaita abin da ya riga ya yi, ko ya bar magana a rabi bai sani ba.

Ina komawa ɗaki na ciro takardarki. Layin nan da kika rubuta sau biyu. Zancen matar kafinta da ya yanke. Rubutun da ke gangarowa ƙasa, ke da layinki ya fi na malamin makaranta miƙewa. Jinin allura. Aljihu goma sha biyu. Duk kin gaya min, Yaya, ni kuma da ake koya wa gane mara lafiya sai na tsaya ina auna wace kalma ce ta ɓata min rai. Barci ne ya ɗauke ki da biro a hannu, ni na ce kora ta kike.

Don Allah ki yi min abu uku. Ki roƙi matar kafinta ko ƙanwarta su kwana da Baba ko dare biyu a sati, ke ki je ɗakinki ki rufe ƙofa. Ki kai shi wajen likita ki gaya masa batun tashin daren nan dalla-dalla, ke ma a auna jininki. Ki ce wa mai duba aiki ba za ki iya ƙarin lokaci ba, in za ta tara mutane ta tara. Kada ki ce min ke ƙarfe ce. Ni na faɗa, kuma na yi ƙarya.

Kwana goma sha biyu ya rage mu fara jarrabawa, kwana uku mu gama. Ina ajiye biro zan hau mota. Ko kin ce kada in zo sau goma, zuwa zan yi.

Autarki mai neman gafara.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Kafinta ya ce ya samu Sistarku a waya ta gaya miki rasuwar Baba, kuma kin ji maganata kin tsaya jarrabawar. Kin kyauta. Ko kin taso a ranar ba za ki same shi ba. An ce miki mota ce ta buge shi. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba, kuma ba na so ki ji sauran a bakin kowa sai nawa.

Da farko, ban yi fushi da ke ba. Na ba ki amsa a daren da waccan takardar taki ta zo, na ce miki ke ce abu ɗaya da na yi daidai a rayuwata, shi ya sa ba na so ko kwana ɗaya ya ragu a karatunki. Har ga Allah na ɗauka na ba direba. Ina ta jiran amsarki, ina cewa yarinyar nan ta iya riƙo. Shekaranjiya da nake tattara kayan Baba na same ta a ledar magungunansa, a ninke. Ga ta nan na haɗo miki. Taki ta ƙarshe kuwa ta iso kwana biyu bayan an binne shi. Na karanta abu ukun da kika ce in yi. Matar kafinta ta riga ki, tun tuni ta ce in bar ta ta riƙa kwana da shi, zancen da na bari a rabi ke nan. Na ce mata a'a. Ina jin kunyar ta yi min rana ta yi min dare, kuma ina ganin ba wanda zai iya da shi sai ni.

Satin nan na ƙarshe ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Kaina yana sarawa tun safe. Na zuba gishiri a shayin Baba. Na tsaya a bakin titi na rasa ko aiki za ni ko gida. Sau ɗaya na farka na ga keke yana gudu, ƙafata a kansa, yadi ya tattare a ƙarƙashin allura. Duk da haka in aka tambaye ni sai in ce gajiya ce kawai.

Daren Alhamis na ba shi magani, na kwantar da shi. Ya miƙo hannu kamar kullum. Kin san gadonsa na ƙarfe, kin san yadda yake ɗora hannunsa a jikin ƙarfen gefen. Na ɗaura igiya, na ɗaura nawa bakin, na kwanta. Abin da nake tunawa ke nan.

Auta, barcin da na yi a daren nan rabona da irinsa tun Inna tana da rai. Ko juyi ban yi ba. Muryar kafinta ce ta tashe ni, yana tsaye a ƙofar ɗaki yana kiran sunana, rana ta fito. Abu na farko da na duba hannuna ne. Igiyar tana nan. Na bi ta da ido har gado. A jikin ƙarfen take ɗaure, da ƙullin nan nawa mai ninki biyu da ba wanda yake yinsa a gidan nan sai ni. Ba kwancewa ya yi ba. Ban taɓa ɗaura masa ba. Ƙarfe na ɗaure, na kwanta ina gadin gado.

Ya zare makulli daga ƙarƙashin kaina ban motsa ba. Kuma ni ban kwanta da bargo ba, amma da bargonsa na farka, an lulluɓe ni har wuya, an tura gefen a ƙarƙashin ƙafata yadda yake yi mana muna yara. Mutumin da ya manta sunana wata uku. Wannan bargon shi ya fi komai ci min rai.

Mai shayin da ke kwana a mararraba ya ga komai. Ya ce wajen biyu da kwata Baba ya iso da tocila, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu yana cewa, "Jirgi! A tsaya, jirgi!" Ƙananan motoci biyu suka kauce masa. Kafin mai shayin ya zagayo teburinsa babbar mota ta taho, ko birki ba ta taka ba.

Na ga direban babbar motar a ofishin 'yan sanda. Na tafi da maganganu cike da bakina. Sai na tarar da dattijo mai furfura a gemu, zaune a ƙasa, idanunsa jajur. Dare na biyu ke nan yana tuƙi bai kwanta ba, wai kayan masu lalacewa ne, an ce lallai ya kai kafin safiya. Ya ce min, "Baiwar Allah, na rantse miki idona biyu. Na hango fitilar mararraba daga nesa, sai kawai na ji ƙara. Tsakanin nan ban san inda na tafi ba." Ɗan sandan ya daka masa tsawa wai ƙarya yake. Na ce ba ƙarya yake ba. Duk suka juyo suna kallona. Na ce masa, "Baba, na san inda ka tafi. Can nake ni ma." Ya rufe fuska da hularsa, ni kuma na fito.

Mutane suna ta cewa kwanansa ne ya ƙare. Na sani, na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma shi shekara talatin da ɗaya ya yi bai bar kowa ya shiga gaban jirgi ba. Ni mutum ɗaya aka ba ni.

Kamfani sun ba ni sati biyu. Gidan shiru, ba mai tashina, matar kafinta tana ta cewa in kwanta in rama. To barcin ya ƙi. Sha biyu idona biyu, biyu da kwata idona biyu, ƙarfe huɗu ina jin jirgin gaske yana wucewa can nesa. Kada ki yi min dariya, kuma kada ki gaya wa kowa: sai na ɗaura igiyar nan a hannuna nake iya ko rufe ido. Ɗaya bakin yana yashe a ƙasa. Ina kwance ina jiran a ja.

In kin kasa kallon fuskata in kin zo, ba zan ga laifinki ba.

Yayarki.

*

Yayata,

Ina gaishe ki. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Yau na ajiye biro. Na karanta takardunki biyu a tsaye a bakin mota, direban ya kashe inji ya jira ni har na gama kukana.

Wata huɗu kika yi kina tare jirage shida a dare, ki wayi gari a kan keke, ke kaɗai. Ni dare uku kacal na yi na kusa kashe tsohuwar mutane, sai dai ni an samu mai riƙe min hannu. Ke ba ki samu ba, domin wadda ya kamata ta riƙe tana nan tana fushi a kan layi biyu. In laifi za a raba, ki ajiye min kasona, kada ki cinye ke kaɗai yadda kika saba.

Baba ya ga shugaban tasharsa ya gaji, ya lulluɓe shi, ya tafi ya karɓar masa aikin. Ni haka na karanta zancen bargon, kuma wannan karon na karanta a hankali.

Wannan takardar za ta riga ni da kwana ɗaya, sai na karɓi sakamakon aikina gobe. Ki bar tabarmar inda take, ki shimfiɗa min tawa a gefe. Kada ki mai da igiyar wajen shanya. Ɗaya bakin nawa ne. Ni zan ɗaura da kaina, ke ki yi barci.

Autarki.